Dara Ta Ci Gida

Wata ranar Lahadi bayan la'asar wani dattijo daga cikin iyayenmu ya tsaya a kanmu, ya daɗe yana sauraron abin da muke faɗa, sa'an nan ya girgiza kai ya ce, "Ku dai ba ku da aiki. Manya da ku, wasu da mata da ɗiya, kun zamna kuna gardama bisa abin da ba shi da rai." Ya tattara rigarsa ya wuce. Ba wanda ya tanka masa, domin kuwa ba ƙarya ya yi ba. A daidai lokacin gardama muke yi a kan Chitti, mutum-mutumin nan na fim ɗin Indiya, wai ko zai iya cin Baba a dara ko kuwa ba zai iya ba. Yau fiye da shekara biyu ke nan, ba mu sami amsar da za mu ba dattijon ba. Abin da muka samu shi ne labarin majalisar, shi ne kuma za mu ba mai karatu, ya yi mana hukunci da kansa.

Ga wanda bai san wurin ba, in ka tashi daga Sakkwato ka miƙa arewa, ka wuce Kware da Gwadabawa, to Illela ce gari na ƙarshe kafin ka taka ƙasar Nijar. Daga nan zuwa Birnin Ƙwanni tafiyar 'yan mintoci ce a kan kabu-kabu. Kasuwarmu ranar Lahadi take ci, tasu kuwa ranar Laraba, kuma da wuya ka sami gida a Illela da ba shi da dangi a can. Majalisar tamu tana zama ne a rumfar wani mai gyaran waya, wanda muke kira Injiniya, ko da yake bai taɓa shiga ajin koyon injiniyanci ba. Ban da gyara, yana yin caji, yana kuma tura wa mutane fina-finai a waya. Akwai wani ɗalibi da ke karatun lissafi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yakan zo in an yi hutu. Akwai mai shayin da ke maƙwabtaka da rumfar, wanda ba a gayyace shi ba amma ya fi kowa yawan magana. Akwai mu, masu riƙe da alƙalami. Sa'an nan akwai wani malamin makaranta daga Ƙwanni da ke tsallakowa kowace Lahadi. A can malamin boko "mushe" ake ce masa, daga kalmar Faransanci, mu kuwa nan mun san abin da ake kira mushe. Ranar da ya fara gabatar da kansa sai da mai shayi ya ajiye buta don dariya. Sunan ya bi shi, shi ma bai damu ba.

Hirar ba ta da ajanda, ba ta da shugaba. Yawanci daga fim take farawa, saboda duk wanda ya zo a tura masa sai ya tambayi wanne ne mai kyau, a take kuwa majalisa ta rabu biyu. Wasu na Izzar So ne, wasu na Labarina, kuma tun 2020 da aka fara nuna su ba a daidaita ba. Amma abin da ya fi tafiya a rumfar Injiniya shi ne fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na Algaita da takwarorinsu na Kano. A nan bari mu ɗan ratse. Mun sha jin 'yan'uwanmu marubuta suna raina wannan fassara, suna cewa wasan yara ne. Lalle masu yin ta sukan cusa barkwancin da babu shi a asalin fim ɗin, wani lokaci ma su karkatar da ma'ana. Amma duk wanda ya kasa kunne zai ji cewa maganar da suke sa wa a bakin 'yan wasa ta fi ta littattafanmu da yawa kama da yadda mutane ke magana. Jarumin littafinmu yakan buɗe baki ya yi jawabi mai shafi guda kamar yana gaban alƙali. Na fassara kuwa kalma biyar zai faɗa, yaro ya haddace ta, gobe ka ji ta a kasuwa.

Daga fim sai a gangara wajen wasa. Akwai gidan da yara ke biya su buga ƙwallo a PlayStation, wasan nan na kamfanin Konami na Japan da aka sani da PES, wanda aka sake wa suna eFootball a 2021 amma har yanzu ba wanda ya bar tsohon sunan. Injiniya gwani ne, ko kuwa mu ce yana ganin kansa gwani. Wata rana a farkon 2023 wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya zura masa shida ba ko ɗaya, ya dawo rumfa yana huci, ya ce ai dama wasan na wasu ne, da namu ne da ba a yi masa haka ba. Ɗalibi ya ce to wa ya hana shi yin namu?

Ba daga sama maganar ta faɗo ba. Kafin nan su biyun sun daɗe suna taɓa rubuta manhaja don nishaɗi, da yaren kwamfuta da ake kira Python, kuma ba a kwamfuta ba, a waya, ta hanyar wata manhaja mai suna Pydroid 3. Ka dubi babban mutum ya duƙufa yana danna baƙaƙe da babban yatsa, layi bayan layi, har wuya ya ƙage. Aikinsu na farko na canjin kuɗi ne. Lokacin an sake fasalin naira, takardun kuɗi sun ɓace, mutane da yawa a nan bakin iyaka sun koma ciniki da sefa. To lissafin sefa a bakin Bahaushe ba irin wanda ke rubuce a jikin takarda ba ne. Dala ɗaya tamma biyar ce, saboda haka in an ce maka dala ashirin ana nufin 100, in an ce jika ana nufin 1,000, watau dala 200. Manhajar takan karɓi dala ta mayar da ita sefa, ta mayar da sefa naira bisa farashin ranar. Ta yi aiki sarai. Aibinta ɗaya ne, kafin ka gama danna lambobin, yaron ɗan canji ya riga ya ba ka amsa da ka, har ya ƙirga maka kuɗin.

Mushe ne ya hana maganar wasan ta mutu a ranar. Ya tambaye mu ko mun san Moustapha Alassane. Ba wanda ya san shi, har da mu da ke taƙamar karatu, kuma mun ji kunya. Ya ce mutumin Nijar ne, an haife shi a 1942, makaniki ne tun farko, kuma tun yana yaro yakan yi zane ya haska shi da fitila ya tara mutane su kalla. Daga baya ya yi aiki da Jean Rouch, ya je Kanada ya ga yadda ake motsa zane ya zama fim. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyara waje, kuma a shekarar ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka ya rarraba wa abokansa kayan kaboyi, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A Tawa ya zauna shekarunsa na ƙarshe yana ta wannan aiki, har ya rasu a 2015. "Tawa hwa," in ji Mushe, "nan bayanmu. Mutum guda da hannunai biyu." Muka yi shiru. Mun san sunan ƙanen matar jarumin Bombai, ba mu san wannan ba.

Aka tsayar da shawara a kan dara. Dalili kuwa a fili yake, ba ta bukatar zane mai wuya. Gurabe 30 ne, layi biyar a kwance shida a tsaye, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Da fari ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, in an gama sai a shiga turawa, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Ɗalibi ya ce aikin mako biyu ne.

Mako biyun farko a kan baƙi ɗaya suka ƙare, kuma wannan ya shafe mu marubuta. Injiniya ya dage cewa duk abin da zai fito a fuskar waya da Hausa zai fito. Ya rubuta "'ya'yan dara", manhaja ta ƙi tashi. Ya goge ya sake, ta ƙi. Ashe a Python wannan ɗan waƙafi na sama da muke sa wa a gaban y alama ce ta buɗe zance da rufe shi, saboda haka na'ura ta ɗauka zancen ya ƙare a tsakiyar kalma, sauran kuwa shirme ne. Ɗalibi ya gano cewa in an kewaye kalmar da alamar zance mai biyu an huta. Mushe ya ce ai ba sai an wahala ba, su a Nijar tun ƙa'idar rubutu ta 1999 baƙi guda suke amfani da shi mai lanƙwasa, su rubuta ƴaƴa, ba ruwansu da waƙafi. Nan fa gardama ta tashi, ta bar manhaja ta koma kan wane ne ya fi iya rubuta Hausa, mu ma muka tsunduma muna kare ƙa'idar da aka koya mana a makaranta kamar gadon ubanmu. Ana cikin haka mai shayi ya leƙo ya ce, "Wai ku wa kunka taɓa ji ya ce 'ya'yan dara garin ga? Ɗiyan dara muka cewa." Aka dubi juna. Ɗiyan dara aka rubuta, shi ne kuma ke ciki har yau.

Wahala ta gaske tana gaba. Na'ura ba ta san "ai ka gane" ba, sai an faɗa mata kome dalla-dalla. Da aka zo rubuta dokokin sai muka tarar ba mu san su ba, alhali kuwa dukanmu mun tashi muna ganin ana yi. In mutum ya jera huɗu, ya ci ko bai ci ba? Ana iya cire ɗa daga cikin ukun da abokin karawa ya riga ya jera? In an toshe mutum ba shi da wurin turawa, an cinye shi ke nan ko kuwa a tsallake shi? Mushe ya faɗi yadda ya ga ana yi a unguwarsu, Injiniya ya ce ba haka ba ne. Dole aka nemi mai abin.

Baba tsohon dillalin shanu ne, ya bar shiga kara saboda gwiwa, ya koma gindin wata bishiya kusa da ita inda tsofaffi ke haƙa gurabensu a ƙasa, wani da tsakuwa wani da tsinke. An ce an yi shekaru ba a cinye shi wasa uku a jere ba. Muka je muka durƙusa muka gaishe shi, Injiniya ya ce, "Baba, so muke mu sa dara cikin waya." Ya ce, "Mi tay yi muku?" Amma ya yarda. Sai dai bai iya faɗin doka a baki ba, in ka tambaye shi sai ya ce a zauna a yi, in an zo wurin za ka gani. Saboda haka aka ɗora mana aikin rubutu, tun da mu ne masu alƙalami. Muka sa wa gurabe lamba daga 1 zuwa 30, muka sayi littafi mai shafi 60, duk turin da aka yi mu rubuta, 14 zuwa 15, 22 zuwa 16, har wasa ya ƙare. A wajensa muka ga abin da suke kira doki, watau ka tsara ɗiyanka yadda ɗa guda in ya je gaba ya cika uku, in ya dawo ya cika wasu ukun, kana ci a kowane turi. Wanda aka kafa wa doki sai ya kakkaɓe hannu.

Bayan kamar wata biyu aka kai masa wayar. Ya ƙi taɓa ta, ya ce a faɗa masa abin da ta yi shi ya tura mata a ƙasa. Wasan farko bai yi minti biyar ba ya share ta. A na biyu sai na'ura ta yi sa'a ta jera uku, majalisa ta kaure da sowa, Injiniya har da miƙewa tsaye. Sai ga ta ta cire ɗa, amma nata. An manta ne an juya wa ke da turi kafin a ba ta damar ci, sai ta ɗauki kanta a matsayin abokin gaba. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To, dara ta ci gida."

Ɗalibi ne ya bayyana mana abin da ya rage. Na'ura ba ta da wayo, ƙirga kawai ta iya. Sai a ce mata ta gwada duk turin da za ta iya, ga kowanne ta gwada duk martanin da za a iya yi mata, haka haka, sa'an nan ta zaɓi hanyar da ta fi rage mata asara. In a kowane turi akwai zaɓi kamar goma, duba turi biyu gaba hanya 100 ce, huɗu 10,000, shida kuwa 1,000,000. Ya ce da irin wannan ƙirga ne na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta kayar da Garry Kasparov a darar Turawa a 1997. Tamu wayar da aka ce ta duba shida sai ta yi tsit, ta ɗauki zafi, har Injiniya ya ɗora ta a kan murfin randa ta huce. Aka tsaya a huɗu. Da huɗun ta fara cin mai shayi, ta ci mu, ta ci Mushe. Baba kuwa ko sau ɗaya.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Cikin 'yan kwanaki ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take ba Nijar. Ba wannan ne karo na farko ba, an rufe a Agusta 2019, sai a Disamba 2020 aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum. Amma wannan karon har da zancen yaƙi, kuma mu nan in an ce yaƙi da Nijar to da kawu da gwaggo ake nufi. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya, kaya suna lalacewa a ciki. Kasuwa ta yi sanyi. Mutumin da ke lissafin kwanon gero ba ya biyan kuɗin tura fim, saboda haka wasu ranakun Injiniya da magariba yake rufe rumfa. Masu bin hanyar daji ba su fasa ba, amma Mushe ma'aikacin gwamnati ne, bai ga dalilin da zai sa aikinsa a haɗari don dara ba, mu ma ba mu ga laifinsa ba.

Aka ce to a ci gaba ta WhatsApp. Nan muka gane cewa hirar ba ta ɗaukuwa a zuba a wani mazubi. A rumfa, gyaran manhaja yakan faɗo ne a tsakiyar musun fim, wani ya yi ba'a, ba'ar ta zama dabara. A waya kuwa sai ka aika tambaya da safe, wayar Mushe ba caji, amsa ta zo bayan kwana biyu, ka riga ka manta abin da ya sa ka tambaya. Kowane ɓangare ya riƙa gyara nasa kwafin, har aka wayi gari da dara biyu, ta Illela da ta Ƙwanni, kowace da dokarta a kan jera huɗu. Ɗalibi ya koma Sakkwato. Mu kuma muka riƙa cewa Lahadi mai zuwa za mu koma wajen Baba mu ƙarasa tambayoyin, in abubuwa sun lafa.

Cikin hunturun nan Baba ya kwanta, bai yi mako biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan an yi addu'ar bakwai muka ɗauko littafin. Wasa 37 muka rubuta, turi bayan turi, ba kuskure. Muka yi ta buɗe shafuka muna neman Baba, ba mu same shi ba. Mutumin nan ba ya tura ɗa bai yi magana ba. Yana da habaicin da yake yi wa mai gaggawa, da wanda yake yi wa mai jinkiri, yana da labarin wani Buzu da suka kwana uku suna karawa a kan raƙumi, yakan kawo sunayen gwanayen da ya gada, na wannan gefe da na wancan, waɗanda duk sun riga shi. Muna zaune a gabansa wata da watanni da alƙalami a hannu, kunnenmu yana ji, hannunmu yana rubuta 14 zuwa 15. Mu da muka shekara muna cewa ba mu da abin rubutawa sai mun je birni mun ga rayuwa. Mun zauna da sauran tsofaffin mun roƙi abin da suka tuna, an sami kaɗan, kowa da yadda ya ji shi, amma ba bakinsa ba ne, kuma ba za mu ƙaga mu jingina masa ba.

A Maris 2024 Nijeriya ta buɗe iyaka, bayan kwanaki Nijar ta buɗe nata gefen. Lahadin da ta biyo sai ga Mushe a kan kabu-kabu, ya rame, da leda cike da dabino. Aka yi masa gaisuwar Baba kamar shi ne ɗan mamacin. Aka haɗa kwafin biyu, da aka rasa wanda zai yanke hukunci sai aka sa maɓalli biyu a farkon wasa, mutum ya zaɓi dokar Illela ko ta Ƙwanni. Da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Mushe ya zo yana cewa yanzu kam dole a koma wa y mai lanƙwasa, aka tuna masa cewa babu ita a cikin ɗiyan dara.

Manhajar ba ta fita daga rumfar ba, wayoyi bakwai ko takwas ne ke ɗauke da ita, kuma in an toshe ta har yanzu takan tsaya cik sai an kashe an kunna. Kwanan baya dattijon nan da ya yi mana faɗa ya sake biyowa, ya tarar da mu a duƙe. Ya ce, "Har yanzu?" Muka ce har yanzu, Baba. Ya tsaya yana kallon yadda take cin mai shayi, can sai ya ja benci ya zauna, ya ce a ba shi. Suna tsakiyar wasa ta cire masa ɗa daga cikin ukun da ya jera, ya buga ƙafa ya ce wannan zalunci ne, su a Kalmalo ba a taɓa jerarre. Injiniya ya ce to sai an ƙara maɓalli na uku. Mushe ya dubi rana ya ce shi zai kama hanya kafin duhu, a bar maganar sai Lahadi, kuma a tura masa ci gaban fim ɗin nan da aka katse masa a wajen da jarumi ya faɗa rijiya.